Raddi ga Masu Cewa Maraɗi Ba Ta da Wurin Wanda Ba Musulmi Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan Maraɗi, takan lafa ta sake tashi duk sa'ad da fitina ta auku, wadda taƙaitawarta ita ce wai garin nan na Musulmi ne tsantsa, wai Anna, wato masu addinin gargajiya, da Kirista baƙi ne da aka yi wa alfarma, kuma duk ranar da jama'a ta fusata tana da ikon janye alfarmarta. Da yake masu faɗinta suna jingina ta ga tarihi da fiƙihu, ya wajaba a bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce baƙi ne. To, wa ya tarar da wani? Sa'ad da Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu a 1807, sarakunan Haɓe suka fita gudun hijira ba su da masauki, mazauna kwarin Gulbin Maraɗi ne, waɗanda da yawansu Anna ne, suka tayar wa wakilin Fulani, suka buɗe wa ɗaya daga cikin sarakunan nan, Ɗan Kasawa, ƙofa har sarautar Katsina ta sami inda za ta sake kafuwa. Haka kuma Gobirawa, bayan karyewarsu a Gawakuke a 1836, a nan kusa suka kafa Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Shi ya sa fadar Maraɗi ta riƙe sarautar Iya, ta Tibiri ta riƙe ta Inna, mata masu shugabancin bori, sarakunan kuwa suna salla suna azumi, ba su ga zama da masu tsafi ya rushe musuluncinsu ba. Kiristan garin ma da yawansu Hausawa ne, tun da mishan ta sauka Tibiri a 1927. Wanda kakansa ya zo neman mafaka, bai kamata ya kira jikan mai masaukinsa baƙo ba.

Sun ce shari'a ba ta yarda da majami'a a garin Musulmi ba, kuma a nan ne maganarsu take da ɗan nauyi, don haka ba zan yi mata gaggawa ba. Haƙiƙa malaman Malikiyya, a babin jiziya na Muhtasar da sharhohinsa, sun yi bayani kan ƙago sabuwar kanisa, sun rarrabe tsakanin ƙasar da aka ci da yaƙi da wadda aka shiga da sulhu, har sun hana a wasu surori. Amma wanda ya karanta babin a gaban malami, ba a bakin kasuwa ba, ya san cewa hukuncin nan da shugaba yake magana, shi ne mai ƙulla amana, shi ne mai warware ta, kuma babu inda aka miƙa wa samarin unguwa ashana da fetur. Sannan mazhabar nan tamu ita ce ta fi sauran yalwa, domin ta karɓi zimma har daga masu bautar gumaka, da wannan ne Maguzawa suka zauna da gonakinsu a ƙasar Kano da Katsina ƙarƙashin daular Sakkwato kanta. Ashe mun fi Sarkin Musulmi Bello kishin addini ke nan?

Sun ce da magani da abinci 'yan mishan ke sayen talakawa. Wannan ba ta buƙatar dogon jawabi: asibitin kutare na Danja ya yi shekaru sittin da ɗoriya yana aiki, manoma kuwa sun koyi barin kututture ya tofo a gona daga ma'aikacin mishan Tony Rinaudo tun 1983, ga itatuwa sun dawo, jama'a kuma tana nan a kan sallarta. A fadamar Jiratawa, inda ake rabon ruwan noman rani bi da bi, ba a taɓa jin ruwan ya tambayi addinin mai fili ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce fushi domin Allah, ita ce kuma mafi rauni, don tarihin garin da kansa yana ƙaryata ta. A Nuwamba 2000, saboda bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a wajen Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, aka ƙone majami'a a Maraɗi, aka far wa gidajen mata masu zaman kansu, har gidan Iya bai tsira ba, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gayyato masu bikin. A Yuni 2019 hukuma ta kama wani limami saboda sukar ƙudurin dokar ibada, sai aka je unguwar Zariya aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu wuta, aka haɗa da motar fasto. Gwamnati ce ta kawo dokar, 'yan sanda ne suka yi kamun, kuma kowane ɗalibin da ya kai babin jinayat ya san cewa ba a kama wani da laifin wani. Limamin da aka yi abin da sunansa, da aka sake shi, kira ya yi a kwantar da hankali, bai ce wanda ya kunna wutar ya taimaki addini ba.