Mun san Asakusa, amma mun san Madawa?



Bana babu abin da ya tayar da ƙura a ajinmu kamar wani wasan kwamfuta mai suna Go! Go! Nippon! An yi gardama a kansa a bakin famfon alwala, an yi a cikin gbaka, har an yi kwana biyu wasu ba sa gaisawa. Iyaye da yawa ba su ji sunansa ba sai ranar da aka kai musu ƙarar 'ya'yansu, kuma na ji ana cewa za a kawo maganar hana shi a taron iyaye mai zuwa. To kafin a yanke hukunci, bari in faɗi abin da ke cikinsa, da abin da waɗanda suka buga shi suke cewa, da nawa ra'ayin.

Wani kamfanin Japan mai suna Overdrive ne ya yi shi, MangaGamer suka fitar da shi a 2011, daga baya aka saka shi a Steam. Ba irin wasan harbi ba ne ko na ƙwallo. Labari ne mai hoto: zane irin na anime ya fito, rubutu ya fito a ƙasa, ka karanta, ka danna, wani ya fito. Can ba a rasa ba a tambaye ka ina kake son zuwa yau, ka zaɓa. Kai ne baƙon da ya sauka Japan karon farko, za ka yi kamar mako guda. Masu masaukinka biyu, Makoto da Akira, su ke yawo da kai cikin Tokiyo, unguwanni irin su Asakusa, Akihabara, Shibuya da Ginza, sannan a hau jirgin ƙasa mai gudu a je Kiyoto, tsohuwar fadar sarakunansu. Rubutun yana fitowa da Ingilishi da Japananci a tare, kuma wasan yana lissafa maka kuɗin yen da ka kashe a mota da abinci. Mu da Faransanci da Larabci muka iya, sai da wani yayanmu da ya yi karatu a Kumasi ya zauna yana fassara mana. A kwamfutarsa ce aka fara bugawa, wata tsohuwa da ya saya a Black Market na Adjamé. Mafi yawan 'yan ajin ma ba su taɓa dannawa da hannunsu ba, a YouTube suka kalli wasu na bugawa.

Masu son sa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wani abokina da ba ya iya zama da littafin tarihi na minti goma, yau shi ke ba mu labarin cewa jirgin Shinkansen ya fara aiki tun 1964, shekarar da aka yi gasar Olamfik a Tokiyo, kuma yana kai mutum daga Tokiyo zuwa Kiyoto cikin awa biyu da 'yan mintoci. Tafiyar ta fi ta Abijan zuwa Buwake nisa. Ya ce in an gama aikin metro da zai taso daga Anyama ya ratsa Adjamé da Treichville ya kai Port-Bouët, shi ne zai koya mana yadda ake tsayawa a layi a jira masu fita su fita tukuna. Muka yi masa dariya, don duk wanda ya taɓa neman gbaka da magariba a tashar Adjamé ya san layi ba ya cikin tsarinmu. Amma dai ya koyi abu, kuma babu wanda ya riƙe masa bulala.

Wata ɗaliba kuma abin da ya burge ta shi ne kamanni. Ta ce mutanen nan suna cire takalmi a bakin ƙofa kafin su shiga gida, kamar yadda muke yi a masallaci da ɗakin tsofaffi. Suna sunkuyawa wajen gaisuwa, mu muna durƙusawa. Kafin su shiga wurin ibadarsu suna wanke hannu da baki a wani kwamin ruwa. Ta ce da tana zaton duk wanda ba Musulmi ba ne bai damu da tsarki ba. Yayyenmu da suka kalli Kofin Duniya na 2014 sun tabbatar mata da wani abu: ranar da Kodebuwa ta ci Japan 2 da 1 a Recife ta Burazil, Honda ya fara ci, Bony da Gervinho suka rama cikin minti biyu, amma bayan an tashi magoya bayan Japan, waɗanda aka ci ɗin fa, suka tsaya da ledoji suna tsince sharar filin. Mu da muka ci wasan, a tambayi titunan Treichville yadda suka kwana.

Masu ƙin sa kuwa, maganarsu ta fi zafi, kuma a nan nake so iyayenmu su saurara da kyau, don gaskiya ce. Labarin ya fara ne da cewa saurayin ya haɗu da Makoto da Akira a intanet, yana zaton maza ne saboda sunayen na maza da mata ne a can. Da ya sauka filin jirgi sai ya tarar 'yan mata ne, ya da ƙanwa, iyayensu kuma sun yi tafiya. Haka zai kwana gida ɗaya da su har ya koma, kuma a ƙarshe labarin yana karkata zuwa soyayya da ɗaya daga cikinsu, ya danganta da wadda ya fi yawo da ita. Akwai hotunan da ɗan makarantar Islamiyya ba zai so babansa ya leƙo ya gan shi yana kallo ba. Wani ɗan ajinmu ya ce wai ai zane ne kawai, ba mutane ba ne. Wannan ba hujja ba ce. Wanda ya zana su ya san abin da ya sa ya zana su haka, kuma mai kallon ma ya sani. Da 'yan'uwa maza biyu ne masu masaukin, ko wani tsoho mai sanda, bayanin jirgin ƙasa da na haikali ba zai ragu da harafi ɗaya ba, sai dai masu saye su ragu. An ɗora tsutsa a ƙugiya ne.

Sai maganar lokaci. Wannan kam ba laifin Japan ba ne. Wanda ya bar la'asar ta wuce saboda yana son ya ga ƙarshen ranar Kiyoto, jiya Naruto ne ya sa ya bar ta, shekaranjiya wasan Real da Barça.

Ni abin da ya fi damuna daban ne, kuma ban ji wani ya faɗe shi a gardamar ba. Wasan nan talla ne. Ba zagi nake ba, haka aka gina shi: a nuna wa baƙo ƙasa ta fuskar da zai so ya sayi tikiti. Japan ɗin da ke cikinsa kowa matashi ne, kowa na murmushi, abinci duk mai daɗi ne. Alhali a Japan ta gaske kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65, yawan jama'arsu raguwa yake yi kowace shekara, akwai ƙauyukan da aka rufe makarantunsu don babu yara. Mu nan ajinmu ɗaya benci uku ake ƙarawa duk shekara. Kuma baƙon da aka yi wasan dominsa ba irinmu ba ne. Ba ya tambayar ina alƙibla. Ba ya tambayar me aka dafa romon taliyar ramen da shi, alhali sau da yawa ƙashin alade ne, kuma ana saka giyar shinkafa a miyar abinci da dama. A duk abin da na kalla ban ga an kai shi masallaci ba, alhali akwai su: na Kobe an gina shi tun 1935 yana nan tsaye har yau, Tokyo Camii kuma, wanda Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000, yana cikin gundumar Shibuya ɗin nan da 'yan ajinmu suka haddace sunanta saboda mahaɗar titin da dubban mutane ke tsallakawa. A haikalin Sensoji na Asakusa mutane suna jefa kuɗi su zaro takardar da wai za ta faɗa musu sa'arsu. Sanin cewa suna yin haka ilimi ne. Amma sai da wani babba a kusa da zai ce wa ƙaramin yaro: wannan duba ne, mu ba ma yi.

Saboda haka in aka tambaye ni, ba na goyon bayan a bar yara 'yan aji ɗaya da biyu da shi su kaɗai a ɗaki. Amma kuma ba na goyon bayan a tashi a taro a ce an haramta, a ƙwace wayoyi, a ɗauka magana ta ƙare. Ba za ta ƙare ba. Japan ta riga ta shigo unguwarmu tun kafin a haife mu. Tasi ɗin da babanka ke tuƙawa Toyota ce. Gadar saman da ke mahaɗar Solibra a Treichville, wadda aka buɗe a ƙarshen 2019, sunanta ma na abotar Kodebuwa da Japan ne, da tallafinsu aka gina ta. Iyayenmu maza da ke mana faɗa kan anime, su ne suka tashi da Olive et Tom da Dragon Ball a talabijin, a tambaye su in ƙarya nake. Yaron da aka hana ba tare da an gaya masa dalili ba, zai je siber ya kalla, kuma can babu mai ce masa wannan duba ne, wancan talla ne.

Yanzu ga inda nake so mu ji kunya kaɗan, mu ɗalibai. Na gwada tambayar mutum shida daga cikin masu gardamar nan. Duk sun iya faɗin unguwa huɗu ko biyar na Tokiyo. Da na ce su faɗi garuruwan da mota ke bi daga Abijan zuwa garin kakanninsu, biyu ne suka wuce Wagadugu. Wani kakansa daga Madawa ya zo, wani daga Tawa, wata daga Birnin Ƙonni, wani daga Katsina, amma sunan garin kawai suka riƙe, kamar lambar da ke jikin katin shaida. Wanda ya iya cewa "arigato" da "itadakimasu" da lafazi mai kyau, in kakarsa ta yi masa karin magana sai ya juya ya tambayi mamansa da Faransanci me tsohuwa ke nufi. Hausarmu ta nan rabi nushi ce, rabi Julanci. Ba na cewa laifi ne mu iya su, a nan aka haife mu, Abijan garinmu ne. Amma kamfani ɗaya a Japan ya zauna ya tsara ƙasarsu a labari har ɗan Adjamé ya haddace ta, mu kuwa babu wanda ya tsara mana tamu.

Kuma muna da abin nunawa. A ɗauki garba kawai. Duk Abijan, daga ɗan lakwal har ma'aikacin banki a Plateau, babu wanda bai san acake da soyayyen kifin tuna ba, kuma kowa ya san mutanenmu na Nijar ne suka yi suna da sayar da shi, sunan ma na Hausa ne. Kifin nan da ake saukewa a tashar jiragen kamun kifi ta Abijan, danginsa ne mutanen Japan ke yankawa ɗanye su ɗora kan shinkafa su kira shi sushi, su biya kuɗi mai yawa. Wa ya taɓa gaya wa baƙo wannan? Ga goron Anyama da ake ɗaurewa a huhu a loda wa manyan motoci zuwa Arewa, sana'ar da ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar nan. Ga masu shukuya da hayaƙinsu da daddare. Ga Treichville da titunanta masu lamba, Avenue kaza Rue kaza, da mutum ba ya ɓata in ya iya ƙirga. Ga jirgin ruwan SOTRA da ke tsallaka ruwan Ébrié zuwa Plateau, ga gadar Houphouët-Boigny da ke tsaye tun 1957, jirgin ƙasa na bi ta ƙasanta motoci ta sama. Ga Forum na Adjamé, inda in ka saki hannun ƙaninka sai dai a yi cigiya a lasifikar masallaci.

Akwai wata manhaja mai suna Ren'Py da ake yin irin waɗannan labaran masu hoto da ita, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutar yayanmu za ta iya ɗaukarta. Ba sai mun zana mutum ko ɗaya ba, don na san malamanmu suna da magana a kan zane. Hoton wurare ya isa, da waya za a ɗauka. Baƙon namu ya zama ɗan'uwa ne da ya taso daga Maraɗi karon farko, ya sauka tashar Adjamé da jakarsa, kawunsa ya tarbe shi. A koya masa yadda ake ce wa yaron gbaka a sauke shi, nawa ne kuɗin woro-woro, me ya sa in mai shago ya ce dala ashirin sefa ɗari yake nufi, a wane masallaci zai samu Juma'a in yana Treichville, yadda ake gaida mai unguwa. Rubutun ya fito da Hausa a sama, Faransanci a ƙasa, kamar yadda su suka yi da harsunansu biyu. Masu kyan rubutun ajami su ƙara nasu layin, don kakanninmu su ma su karanta.

Abin da muke roƙo a wajen hukumar makaranta shi ne awa ɗaya ranar Alhamis bayan la'asar, da malami ɗaya da zai duba rubutun kafin a saka. A wajen iyaye kuma, kowa ya ba ɗansa labarin hanyar da ya biyo ya zo Abijan, da shekarar, da sunan wanda ya fara ba shi masauki. Mutum huɗu sun riga sun ce za su yi ɗaukar hoto, biyu daga cikinsu ma masu cewa a hana wasan ne. Saura mai fassara zuwa Faransanci, da wanda zai ara mana kwamfuta ta biyu.