Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma ina littattafan kimiyya da tarihi na yara?

A shekarar 2025 ƙasashe uku na yankinmu sun yanke hukunci kan matsayin harshe, kowacce ta kama hanyarta. A watan Maris, sabon kundin tafiyar da mulkin Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A watan Oktoba ministan ilimin Gana, Haruna Iddrisu, ya ba da umurnin a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Da Nuwamba ta kama sai takwaransa na Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 da ta tanadi koyarwa da harshen uwa a firamare, aka koma Ingilishi.

An sha muhawara kan waɗannan matakai, amma wata tambaya ba ta samu kulawa ba: in yaro ya iya karanta Hausa, me zai karanta da ita?

Tambayar ta fi shafar Hausawan da ke zaune a matsayin tsiraru. Yaron unguwar Briketeri a Yawunde da Faransanci ko Ingilishi yake karatu. Na Njamena yana tsakanin Faransanci da Larabci, na Mai Wurno a Sudan kuma Larabci ne. Ko a Gana, Hausa ba ta cikin harsunan da hukumar harsunan ƙasar ke buga wa littattafai, duk da yawan masu jin ta a zangunan Kumasi da Accra. Babu ma'aikatar ilimin da ke tsara wa waɗannan yara littafin Hausa. Abin da ya iso hannunsu shi ne abin da fatake suka ɗauko daga Kano ko Zariya ko Maraɗi.

Abin da ake ɗaukowa kuwa sananne ne: littattafan addini, da na soyayya, sai ƴan tatsuniyoyi da na koyon baƙi da wasali. Kowanne da amfaninsa. Wanda ya yi ƙaranci shi ne littafin bayani, mai hotuna, da zai gaya wa ɗan shekara tara yadda hadari ke haɗuwa, da dalilin da ya sa sauro ke kawo zazzaɓi, da yadda ake jeme fata, da abin da ke faruwa a sama ranar husufi lokacin da yara ke kiɗa gwangwani wai rana ta kama wata.

Ba kullum haka abin yake ba. Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Rupert East ya jagoranta tun shekarun 1930, ta haɗa buga ƙagaggun labarai da na ilimi. Ita ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a fagen tarihi, daga baya East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, wanda ya bayyana halittu da yanayin duniya cikin Hausa mai sauƙi. Hukumar NORLA ta ci gaba da irin wannan aiki har aka rufe ta a 1959. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, cibiyar INDRAP ta Yamai ta yi ta tsara littattafan aji, kuma maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo sun buga wa yara littattafai cikin harsunan ƙasa. Ke nan an riga an gwada, an ga Hausa na iya ɗaukar wannan kaya. Abin da ya gagara shi ne ɗorewa.

Lamarin ya wuce kishin harshe. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 a Afirka kudu da Sahara ba su iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa. Malaman firamare sun san yadda wannan ke bayyana a aji: yaro ya haddace darasin kimiyya da Faransanci, ya zuba shi a takardar jarrabawa, amma in an ce ya bayyana shi da bakinsa sai ya yi shiru. Tatsuniya na koya wa yaro bin labari. Littafin bayani kuwa yana koya masa bin dalili, da kwatanta abu da abu, da neman hujja. In bai taɓa ganin an yi wannan da Hausa ba, zai tashi da tunanin cewa Hausa ta gida ce da kasuwa da fim, ilimi kuma na wani harshe ne. Ga ɗan tsiraru, wanda dama harshensa ba ya cikin aji, daga nan ake fara barin harshe.

Abin rubutawa kuma bai yi ƙaranci ba. A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, aka tono ƙasusuwan Nigersaurus, wata dabbar zamanin da mai haƙora sama da 500, kuma gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai yana nuna ƙwarangwal irin waɗannan dabbobi. A hamadar Jurab ta Cadi aka gano ƙoƙon kan Tumai a 2001, mai kimanin shekara miliyan 7. Kwalekwalen Dufuna da aka tarar a 1987 a yankin da yau yake jihar Yobe ya kai wajen shekara 8,000. Ga raƙuman dawan Kure, ga gawo mai zubar da ganye da damina ya fito da shi da rani, wanda manoman Maraɗi da Damagaram ke raino a gonakinsu don ya gyara ƙasa. Ga marinar Ƙofar Mata a Kano, ga tarihin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa a Lugu a 1899. Kowane ɗayansu zai cika littafi mai shafi 32.

Cikas uku ne suka fi tare hanya. Na farko kuɗi: littafin bayani sai da hotuna masu launi da mai zane, takarda kuwa daga waje ake shigo da ita, don haka ba ya araha sai an buga da yawa. Na biyu dogaro da masu ba da agaji. Shirin Mu Karanta a Bauci da Sakkwato ya samar da littattafan ajin farko masu kyau, amma da tallafin hukumar USAID, wadda gwamnatin Amurka ta rufe a 2025. Na uku rabuwar kalmomi: abin da Bakano ke kira batir, Bamaraɗe fil yake cewa, wani ya ce asibiti wani ya ce likita, har harafin ƴ na Nijar a Najeriya 'y ake rubuta shi. A hira wannan ba komai ba ne, amma a littafin kimiyya dole a tsayar da kalma ɗaya ko a jera biyun.

Maganin cikas na farko yana cikin na uku. In marubuta da malamai daga ɓangarorin iyaka suka daidaita kalmomi, bugu ɗaya zai yi wa Tawa da Katsina da Garwa da Kumasi, yawan kwafi ya sauko da farashi. Hanyar rarrabawa ma akwai ta, domin finafinan Kannywood da littattafan soyayya sun daɗe suna tsallaka iyakoki ba da taimakon wata gwamnati ba.

Iyaye da yawa a Kamaru da Cadi na fargabar kada Hausa ta cinye lokacin Faransancin da yaro zai ci jarrabawa da shi, kuma fargabar tana da tushe. Amsarta ita ce littafi mai harshe biyu, Hausa a shafi ɗaya, Faransanci a mai kallonsa, yaro ya gane batun da harshensa sannan ya ɗauki kalmar da za a tambaye shi. Rumbunan intanet irin su African Storybook da StoryWeaver sun ba da izinin fassara littattafansu da buga su kyauta, abin da ƙungiyoyin Hausawa da makarantun Islamiyya za su iya farawa da shi ba tare da jiran kowa ba. Bikin Ranar Hausa ta Duniya na 26 ga Agusta ma zai ƙara armashi in kowace ƙungiya ta fito da littafin yara ɗaya.

Babban nauyin dai yana kan Yamai. Tunda Najeriya ta ja da baya, Nijar ce ke da dalilin doka na zuba kuɗi a wannan fage, kuma duk littafin da ta buga zai iya isa ga yaran da ba su da gwamnatin da za ta buga musu. Kasafin kuɗin ma'aikatar ilimi da jerin littattafan da za a raba wa makarantu su ne za su nuna ko matsayin da aka ba Hausa ya sauko daga takarda zuwa aji.