Nasiha ga Ɗan Ƙwadago da Aka Zalunta, da Bayanin Cewa Haƙuri Ba Shiru Ba Ne

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi na ƙasar Haɗejiya, ku sani akwai wata ɓarna da ta yawaita a cikinmu har ta zama al'ada, ita ce cin haƙƙin ɗan ƙwadago da wulaƙanta shi a bakin aiki. Ana ganinta a Birniwa lokacin yankan riɗi, ana ganinta a fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri lokacin dashen shinkafa da yankanta. Mutum ya wuni a sunkuye cikin ruwa, la'asar ta yi, mai gona ya ce masa ya dawo ranar kasuwa; ranar kasuwa ta zo, ya ce sai an sayar da amfani; in ya matsa, a zage shi ta uwa ta uba gaban 'yan'uwansa, a ce gobe kada ya zo. Wani kuma a yi jinga da shi a kan fili ɗaya, in ya kusa gamawa a ƙara masa wani, ladan yana nan yadda yake. Mata da almajirai da baƙi 'yan cirani su suka fi shan wannan, domin an san ba su da mai tsaya musu. Bayan ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta cinye gonaki masu yawa a wannan kwari, wanda ruwa ya raba da gonarsa ba shi da bakin musu in an rage masa lada.

To, abin da ake gaya wa wanda aka yi wa haka kalma ɗaya ce: yi haƙuri. Mu malamai mu muka fi kowa faɗinta, kuma ina ganin mun sa ta inda ba muhallinta ba. Haƙuri shi ne kada ka yi fushi da hukuncin Allah, kada ka rama zagi da zagi, kada ka ɗauki lauje a kan mutum. Amma barin haƙƙinka ga mai iko da biya, don tsoro, wannan ba shi ne haƙurin da aka yaba ba, taimakon azzalumi ne a kan zaluncinsa. Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Kuma ya tabbata cikin Buhari cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana lada, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Malamin da ya san wannan, ya ci tuwon mai gona, ya juya ya ce wa talaka yi haƙuri, bai ce wa mai gona biya ba, ya karanta rabin babi ya rufe littafi.

Idan ka ce: ai zagi ba ya ƙari, yaro ba ya aiki sai da tsawa. Sai in ce: Anasu ɗan Maliku ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Kuma da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi ya tsawata masa, ya lissafa wannan cikin halin jahiliyya. Kai wane ne da gonarka?

Yanzu ga abin da nake yi wa ɗan ƙwadago nasiha da shi, kuma farkonsa tun kafin ya taɓa fartanya ne. Wannan ciniki sunansa ijara a fiƙihu, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ɗalibanmu ke karantawa a zaure, ta sharɗanta a ambaci lada a yanke wa'adi. Ko Annabi Musa, da dattijon Madyana ya ɗauke shi aiki, sai da aka faɗi shekara 8, aka bar cikon 10 ga zaɓinsa. Saboda haka kada ka yarda da "je ka fara, ba za mu ɓata ba". Wannan maganar ita ce uwar rigima. A faɗi kuɗi nawa, daga wace kunya zuwa wace kunya, da abinci ko babu, yaushe za a biya, kuma a faɗa gaban mutum biyu. Wanda ya iya ajami ya rubuta a takarda, ba abin kunya ba ne. Mai waya ya ɗauki murya da sanin mai gona.

In duk da haka aka hana ka, ka same shi shi kaɗai tukuna, da magana mai taushi, domin wani talauci ne ya kama shi ba mugunta ba, kuma wanda ke cikin ƙunci a yi masa jinkiri. In ya ƙi alhali yana da hali, ka tafi da shaidunka wurin liman ko bulama ko sarkin noma. In abin ya gagara, ƙofar alƙali a buɗe take. Kada ku tafi ɗai-ɗai: waɗanda suka yi aiki tare su nemi haƙƙinsu tare, kuma kada wani ya karɓi aikin da aka kori ɗan'uwansa a kansa don ya tambayi ladansa. Abin da na hane ka kuwa shi ne ramuwa ta ɓoye, wato ka sassauta hannu a aiki, ko ka zubar da riɗi da gangan wajen kakkaɓa, ko ka ɗebi mudu ka ce ladanka ne ba da sanin kowa ba. Da ka yi haka ka sayar da hujjarka, an koma ana shari'ar ɓarawo.

Kada kuma ka dogara ga dokar gwamnati a nan. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma dokar ta togace aikin gona na lokaci-lokaci da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ma'aikacin gwamnati yana da ƙungiyarsa da kotun ma'aikata. Mai yankan shinkafa ba shi da kowa sai shaidunsa da jama'ar masallacinsu. Kakanninmu da Nasara suka ɗiba da tilas zuwa haƙar kuza a Jos, daga 1942 zuwa 1944, ba su da inda za su kai kuka, uzurinsu a fili yake. Mu kuwa muna da alƙalai da limamai a kowane gari.

Don haka muna kiran limaman Juma'a na Birniwa da kewaye su karanta babin ijara a huɗuba kafin kaka ta kama, kuma kowane masallaci ya sa dattawa biyu waɗanda ba su da bashin mai gona a wuyansu, su zauna bayan la'asar domin jin ƙarar 'yan ƙwadago, mace ko namiji, ɗan gari ko baƙo.