Raddi ga Mai Cewa Sarrafa Kalmomin Turanci Hadda ce Kawai

Wani malami da nake ganin girmansa ya yi rubutu yana cewa sauyin siffar aikatau da suna a Turanci ba shi da wata ƙa'ida da za a jingina da ita, don haka a daina wahalar da ɗalibi da bayani, a miƙa masa jeri ya haddace. Allah ya saka masa da alheri bisa kyakkyawar niyya, amma hujjojinsa ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Ya fara da go da ke komawa went, da child da ke zama children, da foot da ke zama feet. Ba mai musun waɗannan. Sai dai aikatau masu bauɗewa kusan 200 ne kacal, alhali dubbai suna karɓar -ed salin-alin. Abin da ke ruɗa mutum shi ne masu bauɗewar su ne ba sa barin baki: be, have, say, go. Yawan maimaita su ne ma ya hana su sauyawa. Malam ya yi karatun sarfun Larabci, na kuma tabbata ba zai ce jam'in taksiri ya rushe ƙa'idar jam'i salim ba.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi. Ya ce ko masu bin -ed ɗin ba furucinsu ɗaya ba: walked yana ƙarewa da t, played da d, wanted kuma da ƙarin gaɓa guda. To ai nan ƙa'idar ta fi fitowa fili. Sautin ƙarshen kalma ne ke zaɓa. In maras ziza ne kamar k ko p ko f, sai a ji t: stopped, laughed. In mai ziza ne ko wasali, sai d: begged, called. In kuwa kalmar da t ko d ta ƙare, dole wasali ya raba tsakani, shi ya sa ake cewa needed da gaɓa biyu. Ɗalibi ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ji ko yana rawa, ya gama. Haka -s take: s a cats, z a dogs, ƙarin gaɓa a buses da judges. Kuma wannan tsari ɗaya shi ke aiki a jam'i, da mallaka, da aikatau irin he walks.

Ba masana ne suka ƙaga wannan a kan takarda ba. A 1958 Jean Berko ta nuna wa ƙananan yara a Amurka hoton wata halitta da ta ƙirƙiro mata suna wug, sannan ta nuna musu guda biyu. Suka ce wugs, da sautin z, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. A wace makaranta suka haddace ta? Yaron da ya ce goed ma ba jahilci ya nuna ba, ƙa'ida ya gano ya wuce gona da iri. Mu ma ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana jam'i irin su motoci da kwamfutoci.

Kan rubutu kuma ya kawo stopped da carried a matsayin shirme. Ninka baƙi yana tsare gajeren wasali ne, don kada hopped ya rikiɗe ya zama hoped. Harafin y yana komawa i bayan baƙi, ya zauna daram bayan wasali, kamar a played. Inda na yarda da shi shi ne travelled na Ingila da traveled na Amurka, wannan kam al'adar rubutu ce.

Akwai abin da malam bai taɓo ba, wato tarihi. Binciken da Erez Lieberman da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2007 ya bi sawun aikatau 177 masu bauɗewa a tsohon Turanci. A Turancin tsaka-tsaki 145 suka rage, yau saura 98. Da can holp ake cewa, yanzu helped. Jam'in takalmi shoon ne kafin ya zama shoes, oxen ne ya tsira daga wannan ayari. Duk sabon aikatau da ya shigo, -ed yake ɗauka: texted, emailed, googled.

In yana neman abin kafa hujja, ga shi na ba shi: snuck da dove sun samu gindin zama a Amurka a gefen sneaked da dived. Irin waɗannan 'yan tsiraru su ne za a sa a jerin haddarsa, tare da went da children.