WASIƘAR KANKIYA: A ƘIRGA HAƘORA KAFIN A SAYI KEKE

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna na ƙasar Kankiya da Kusada a kan sha'anin keke.

Kowa ya sani tun ran 29 ga Mayu 2023, da Gwamnati ta janye tallafin man fetur, mutane da dama suka jingine babur suka koma wa keke. Wannan ba abin kunya ba ne, kakanninmu da Raleigh suka yi tinƙaho. Abin da ya dame ni shi ne irin keken da samarin ma'aikata ke zuba albashinsu a kai, watau kekunan tsere na gwanjo, masu lanƙwasasshen kai da taya siririya kamar tsinke. Ka tambayi mai shi dalili, sai ya ce, "Ai giyarsa 22." Malamai su yi mini afuwa, ba giyar sha nike nufi ba, ta ƙarfe ce.

To, jama'a, ga yadda lissafin ya ke. Keke yana da faranti mai haƙora a wurin feda, da ƙaramin firiwil mai haƙora a ƙafar baya, kaca ce ta haɗa su. Kadan ka raba haƙoran faranti da na firiwil, abin da ya fita shi ne yawan juyin da ƙafar baya ke yi duk sa'ad da feda ta kewayo sau ɗaya. Ƙafar baƙin keken nan namu mai inci 28 tana cin mita 2.2 da 'yan kai a juyi guda. Saboda haka faranti mai haƙora 46 da firiwil mai 18 suna tura mutum wajen mita 5.7 a kowane kewayen feda. A sa mai 20, sai ta koma 5.1. A sa mai 22, sai 4.7. Gwargwadon raguwar mita, gwargwadon sauƙin da gwiwa ke samu, amma fa gudu yana raguwa.

Yanzu a dubi keken tsere. Galibi farantinsa biyu, 50 da 34, a baya kuwa jerin haƙora tun daga 11 har zuwa 28. Mafi nauyin giyarsa tana cin mita 9.5, mafi sauƙi kuwa wajen 2.5. Ta farko an yi ta domin ƙarfafan 'yan tsere masu gangarowa daga dutse, ta biyu domin hawan duwatsun Faransa da Italiya. Ina dutsen da za a hau tsakanin Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan kwari da mashigin rafi. Mutum ya biya kuɗin 22, alhali uku ko huɗu na tsakiya kaɗai zai riƙa mora, su ne kuma za su cinye su bar sauran sababbi ful.

Abokan gabanmu a hanya uku ne, yashi da iska da kaya, dukansu kuwa giya mai sauƙi su ke so. Malamin da aka tura makarantar ƙauye a ƙasar Kusada, muddin ya sauka daga kwalta, burji da turɓaya zai taka. Kadan ya ɗauro littattafan yara a kariya, ko ya ɗauko rabin buhun gero ran kasuwa, ga iskar hunturu tana tura shi baya, to, firiwil mai 18 azaba ne. Sai ka gan shi ya miƙe tsaye bisa feda yana nishi, ya isa aji a makare, riga sharkaf. Shawarata ga irinsa ita ce 46 da 20, ko da 22 in kayansa sun cika nauyi. Kada ya ji tsoron wai zai zama hawainiya. Mai 46 da 20, in yana juya feda sau 60 a minti, yana cin kilomita 18 a sa'a guda, mai 18 kuwa 20 da rabi. A tafiyar kilomita 10, bambancin bai wuce minti huɗu ba. Sai dai a tuna, firiwil babba ya kan bukaci a ƙara wa kaca gaɓa ɗaya ko biyu, aikin da kowane mai gyara zai gama kafin ka sha furarka.

Wanda kuwa zuciyarsa ta nace sai mai giya, watakila don kullum bisa babban titin Katsina zuwa Kano ya ke, ba na hana shi. Turawan Nottingham, garin Raleigh, sun daɗe da gano cewa uku sun ishi mai zuwa aiki. Tun 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer mai hawa uku, wadda ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya. Samfurinta na 1936 yana rage kashi ɗaya cikin huɗu, ko ya bar ta daidai, ko ya ƙara kashi ɗaya cikin uku. Ƙura ba ta isa gare ta da sauƙi. Ta zamani kuwa a fili ta ke, tana reto kusa da ƙasa. Keke ya faɗi ta dama sau ɗaya a bakin masallaci, ƙarfen ya lanƙwashe, daga nan kaca ta dinga tsalle.

Sa'an nan ga maganar da ta fi duka, watau samun kayan gyara. Kacar baƙin keke ɗaya ce, ta Phoenix ta Sin tana hawa Hero na Indiya, ana kuwa samunta a rumfar mai faci. Kacar keke mai jeri 11 siririya ce, ba ta zama a mai jeri 8, ta mai 8 ba ta shiga mai 11. Ran da ta tsinke sai an yi aike Katsina ko Kano, keke yana jingine, mai shi yana biyan ɗan acaɓa. In dole ne, a nemi mai jeri 7 ko 8, kacarsa ta fi kauri, ta fi araha, ta fi jure turɓaya.

Taya ma haka. Mai faɗin milimita 23 ko 25 nitsewa ta ke cikin yashi, tsidau kuwa ba ya jin tausayinta. A duba ko jikin keken zai karɓi mai faɗin 32 ko fiye. A dubi bawul kuma, gama siririn na kekunan tsere ba kowane famfo ke kama shi ba.

Ran ciniki kada a tsaya kallon fenti. A durƙusa a ƙirga haƙora, a kuma dube su. Kadan sun yi tsini sun karkace kamar ƙaho, sun ƙare ke nan. A ja kaca daga gaban faranti, in ta ɗago har haƙori ya bayyana, ta saki. Sabuwar kaca ba ta zama lafiya bisa tsohon firiwil, tare a ke sake su, sai a cire kuɗinsu daga abin da za a taya. Bayan an saya, da rani a riƙa share kaca da tsumma, a ɗiga mai kaɗan kana a goge, domin mai da yawa yana kama ƙura, su haɗu su zama dutsen niƙa.

Mako mai zuwa, in Edita ya yarda, za mu taɓa maganar birki da fitila, saboda masu komowa gida bayan magariba.

Ni ne naku,
Akawu, Kankiya.