DAGA BAKIN ALLO: Yarinyar Da Ke Ɗaukewa A Cikin Aji

Zancenmu na wannan wata daga ajina ya fito.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 8 da na sha yi wa faɗa. Ana tsakiyar karatu sai ta yi tsit, ido a buɗe, ko an kira ta ba ta amsawa. Bayan kamar daƙiƙa 10 sai ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. A yini takan yi haka sau da yawa. Ni na ɗauka wasa ne, a gida kuwa an ce iska ce. Duka mun yi kuskure, amma nawa ya fi muni, tunda ni aka koya wa lura da yara a kwalejin malamai.

Da aka kai ta babban asibiti sai aka yi mata gwajin da likitoci ke kira EEG, wanda wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara yi wa ɗan Adam a 1924. Akan manna 'yan wayoyi wajen 20 a fatar kai, na'ura ta riƙa zana lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta. Ba allura, ba zafi, kuma ba a sa wa kowa wuta.

Karanta zanen shi ne aikin. Baligi mai lafiya in ya rufe ido yana hutawa, zanen kan kaɗa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. In ya yi nauyi ya sauka ƙasa da 4 alhali mutum yana farke, akwai magana. In a gefe guda ne, likita zai yi zargin ƙari ko rauni a wurin. In ko'ina ne, sai ya duba irin su hanta da ƙoda.

Ita kuwa yarinyar, an sa ta numfashi da ƙarfi na minti 3, sai ta ɗauke a gabansu. Nan take zanen ya koma tsini da tudu, tsini da tudu, sau 3 a daƙiƙa, a duk faɗin kai. Ashe farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayar da mutum. Tana jin magani, kuma yawancin yara sukan rabu da ita in sun girma.

Amma fa a kula. Kusan rabin masu farfaɗiya, gwajinsu na farko lafiya lau yake fitowa, domin abin bai motsa a lokacin ba. Shi ya sa likita ke neman bayanin wanda ya gani da ido. Iyaye da 'yan'uwana malamai, ku rubuta lokacin da abin ya zo da tsawonsa, in da hali ku ɗauke shi a waya, ku tafi da shi asibiti.