Aiki Shi Ne Shaidar Mai Sana'a

A shekarar 2022 malaman jami'o'in gwamnati na ƙasar nan sun yi yajin aiki na wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗansu ɗalibai sun ƙarar da watannin nan a majalisar mai shayi, waɗansu kuwa suka ari kwamfutar yayyensu suka duƙufa ga koyon rubuta manhaja, watau jerin umarnin da akan rubuta wa na'ura don ta yi lissafi ko ta adana bayani. A ganina na biyun nan su ne suka yi dabara, kuma lokaci ya yi da hukuma za ta san da zamansu.

Wani zai ce, yaya mutum zai koyi ilmi mai zurfi haka ba tare da ya zauna a aji ba? Amsa ita ce wannan sana'a ta bambanta da aikin likita, wanda kuskurensa rai ne. Mai koyon manhaja na'urar da ke gabansa ita ce mai duba aikinsa: in ya yi kuskure nan take za ta ƙi aiki, ya gyara ya sāke gwadawa har sau ɗari, ba abin da ya yi hasara sai lokaci. Kayan aikin kuma kyauta ne. Harshen Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, kowa na iya saukar da shi daga intanet ba ko kwabo, haka kuma darussan CS50 na Jami'ar Harvard ta Amurka.

Ga misali a fili. Linus Torvalds na ƙasar Finlan tun yana yaro ya fara koyo a kan wata 'yar kwamfuta ta kakansa, sa'an nan a 1991, yana ɗan shekara 21, ya soma rubuta Linux, wadda a kanta aka gina Android da ke cikin wayoyinmu. Quincy Larson kuwa malamin makaranta ne, sai da ya kai shekara talatin ya koya wa kansa, a 2014 ya kafa freeCodeCamp inda ake koyarwa kyauta. Ashe ma'aikacin da ke tashi daga ofis da la'asar bai makara ba.

Amma fa kada a ruɗi yaranmu da labarin dalar Amurka. A 2019 kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa, ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, domin ƙwararru kasuwa ke nema. Daɗin daɗawa, tun daga ƙarshen 2022 manhajoji irin su ChatGPT suna rubuta ƙananan ayyukan da dā akan ba sabon shiga. Saboda haka rabin sani ba shi da kasuwa, kuma wanda ya yi wata uku yana kallon darasi a waya bai zama magini ba, ɗan kallo ne.

Shawarata ga mai niyya ita ce ya riƙe harshe ɗaya har ya ƙware, kada ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, gama taura biyu ba ta taunuwa. Ya keɓe sa'a biyu kullum, ya gyara Turancinsa da lissafinsa. Sa'an nan ya gina abin da zai amfani wani: rajistar sakamakon jarrabawa ta makarantar unguwa, ko lissafin adashen mata, ko na kayan kantin magani. Ya ajiye aikin a GitHub inda kowa zai gani, ya roƙi na gaba da shi su duba su yi masa gyara. Koyo da kai ba ya nufin rashin ubangida. Ko ɗan maƙeri sai ya yi zuga kafin a ba shi guduma.

Saura hukuma. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, wannan kuwa abin yabo ne. To, in sun ƙware ina za su? A tsarin aikin gwamnati mai digiri kan fara ne daga mataki na 8, wanda ya iya aiki amma ba shi da takarda kuwa da wuya a ko kira shi ganawa, alhali fayilolin 'yan fansho suna can jibge a ma'aikatu gara tana ci. Ma'aikatar Ƙwadago ta daɗe tana yi wa makanikai da kafintoci jarrabawar gwajin sana'a tana ba su shaida. Me zai hana a yi wa masu rubuta manhaja irinta? A zaunar da mutum gaban na'ura, a ba shi aiki, in ya iya a ɗauke shi.

Ba raina jami'a nake yi ba, wanda ya samu hali ya haɗa biyun. Amma gani ya kori ji, kuma ƙasar da ke da matasa birjik ba aikin yi bai kamata ta kori gwani don rashin takarda ba. Allah Ya sa shugabanninmu su duba.